Abin da Dokta Ya Ce da Abin da Na Ce

Dokta ya ajiye abin da yake gogawa a ƙirjin yaron, ya share man da takarda, ya juyo wajena ya ce da Faransanci: "Ki bayyana mata." Daga nan ya duƙufa yana rubutu a dosiye, kamar wanda ya aike ni sayen goro.

Shekarata ta uku ke nan a sashen kimiyyar harshe. A amfi an koya mana cewa babu abin da wani harshe zai faɗa Hausa ta kasa, kuma ni ma na sha ɗaga murya a kan haka in muna gardama a site. Har yau ban janye ba. Amma ranar nan, a ɗan ɗakin eko mai sanyin kilim, Yayata tana mayar wa ɗanta riga tana kallon bakina, na lalubi kalma na rasa. Dokta ya ce communication interventriculaire, ya ce large, ya ce opération. Ni kuma na buɗe baki na ce: "Yaya, ciwon zuciya ne. Amma za a ba shi magani."

Jimla biyu kawai. Ta farko ta yi ɓarna, ta biyu rabin gaskiya ce. Sai da na kwana tara a tabarma ƙarƙashin gadon asibiti kafin in gyara su, kuma ba ni kaɗai na gyara ba.

Bari in koma baya kaɗan. An haifi yaron a Maraɗi cikin hunturu, wata biyu bayan rasuwar Babanmu, aka mayar masa da sunan marigayin. Don haka babu mai kiran sunan a gidanmu. Mu muna ce masa Abba, Inna tana ce masa Maigida. Yaya kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta ce masa komai. "Wancan" ne, ko "yaron nan". In an yi baƙi ma ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata.

Har aka yi suna lafiya lau yake. Wajen arba'in ne Inna ta fara lura. Ya kama nono ya ja sau biyar ko shida, sai ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe. "Jinjiri da zuhwa cikin wanga ɗari?" in ji ta. Tsofaffin unguwa kowace ta kawo nata. Wata ta ce nonon ne ba shi da kyau, wata ta ce belu ne wanzami bai cire duka ba, wata ta ce an fita da shi da almuru. An yi rubutu, an yi bauri, an yi hayaƙi. Ba zan yi musu dariya a nan ba, ko da yake na san wasu cikinmu ƴan jami'a abin da suke jira ke nan. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ta fara ɗora tafin hannu a ƙirjinsa ta ce yana bugawa "awa ganga", makonni kafin wani mai farar riga ya sa abin saurare ya ji.

Sau biyu aka kwantar da shi a Maraɗi, duka biyun aka ce sanyin ƙirji ne. A yi allura, zazzaɓi ya sauka, a sallame su, bayan sati uku a koma. Layin awo a karnensa ya daina hawa, ya miƙe kamar hanyar Madawa. A kwanciya ta biyu wata dokta matashiya ta daɗe tana sauraren ƙirjinsa, ta kira wani ya zo shi ma ya saurara. Da dare mijin Yaya ya buga mini waya: "Ke da kike karatu, mi ake nuhi da sufur?" Na ce masa numfashi ne. Haka ƙamus ya ce, ai. Sai daga baya na san cewa souffle a bakin likita ƙara ce da jini ke yi in yana kurɗawa ta inda bai kamata ba. Kuskurena na farko ke nan, tun ban san an ɗauke ni aikin tafinta ba.

Aka ba su takarda zuwa Yamai. Kusan kilomita 660, cikin zafin watan Afrilu, da jariri ɗan wata huɗu mai haki. Sun taso tun kafin asuba, Gidan Rumji, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso. Na tarbe su a tasha da yamma. Ban taɓa ganin Yaya ta rungume shi a gaban mutane ba sai ranar. Washegari aka kwantar da shi, don huhun ya sake kamuwa. Kwana biyu bayan nan aka yi ekon da na fara ba ku labarinsa.

Ga ɓarnar da jimlata ta farko ta yi. Mu Hausawa in mun ce zuciya, ba tsokar nan kawai muke nufi ba. Mutum yana yin zuciya, zuciya tana ɗibarsa, tana karaya, tana yin baƙi, har a ce wane ya haɗiye zuciya ya mutu. Ciwon zuciya a kunnen mutanenmu ciwon manya ne, kuma yana da dalili: ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone, matar da aka yi wa kishiya babu sallama, uban da ɗansa ya lalace. Baƙin ciki ne da ya taru ya zama cuta. Faransanci ma yana da wannan harshen damo a kalmar cœur, amma likitocinsu sun gudu daga gare shi, sun koma ga kalmomin Girka da Latin waɗanda ba sa ɗauke da hawayen kowa. Ni kuwa na ɗauko kalmar da kayanta duka na dire wa Yaya a ka.

Da aka gaya wa Inna ta waya, tambayarta ta farko ita ce: "Wane ɓacin rai gare shi, ɗan wata huɗu?" Yaya ba ta ce komai ba. Kwana uku tana tsakurar abinci. A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, ina jin ƙarar na'urar oksijin da tarin wani yaro a gadon can, sai na ji muryarta daga sama:

"Kin yi kwana?"

"A'a, Yaya."

"Kukan da na yi na, ko?"

Ban gane ba da farko. Ashe lokacin rasuwar Baba, tana da cikin wata bakwai, ta yi kuka har tana shiɗewa, kuma mata sun yi ta ce mata ta bari, za ta cuci abin da ke cikinta. Tun ranar eko maganar nan take taunawa ita kaɗai. Yaro ba shi da baƙin cikin kansa, to na wa ya sha?

Da safe na tare wani ɗalibin likita a baranda, ɗan Tawa, na tambaye shi yaushe zuciyar jariri ke haɗuwa a ciki. Ya ce tun farko-farko, kafin ciki ya cika wata biyu bangon nan ya gama rufewa ko bai rufe ba, sau da yawa tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba. Ya ce kusan jariri ɗaya cikin ɗari ana haihuwarsa da wani lahani a zuciya, a ko'ina a duniya, kuma yawanci ba a samun wanda za a ɗora wa laifi. Na koma na gaya wa Yaya. Ba ta yarda da bakina ba, sai da ta ƙirga da yatsunta: watan da ta daina ganin al'ada, watan da Baba ya kwanta, watan da ya rasu. Ta ƙirga sau biyu. A wata na biyu Baba yana nan da ransa, har gona yake zuwa. Ta yi shiru, can ta ce in miƙo mata kwanon shinkafar jiya.

Zaman jinya duk wanda ya yi ya sani, ba sai na ja shi ba. Uwa a gado, mai taya ta a ƙasa, maza a waje gindin itace da tabarmi da butoci. Mijin Yaya a can ya kwana sati uku, yana shigowa lokacin ziyara da ordonans a aljihu. Tun 2006 doka ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, kuma ba a karɓi kuɗin gado a hannunmu ba. Amma in an ce babu magani kaza, takarda ake ba ka ka fita farmasi. Babur ɗinsa ya tafi a sati na biyu. Bursina ma ta bi bayansa. Da safe in hau taksi in ƙetare gadar Kennedy zuwa fak, in zauna a aji ina gyangyaɗi, da azahar in dawo da kunu a fulas. Yaya ba ta jin Zabarmanci, matar gadon kusa da mu ba ta jin Hausa, amma kafin sati ya zagayo suna riƙe wa juna yara in ɗaya za ta wanki. Abin da Yaya ta koya a wajenta kalma biyu ne, kala suuru, wato sai haƙuri. Ta ce ba ta ga amfanin zuwa Yamai don koyon abin da ta baro a gida ba.

Saura jimla ta biyu.

Ranar tara muna wanke zannuwan yaron a bakin famfo. Yaya tana murza sabulu, ba ta ko kalle ni ba ta ce:

"Ke ƴal lakwal. Ni aji huɗu na yi anka hidda ni, ban jin Hwaransanci. Amma operasiyo kowa ya san ta, har Inna. Sau ukku dokta ya hwaɗe ta rannan. Ke ko sau guda ba ki hwaɗa ba. Ina ta jira in ga ranar da za ki hwaɗi."

Na fara kame-kame. Na ce ban so hankalinta ya tashi ba, na ce na bari ne yaron ya ɗan ji sauƙi. Ta matse zanen ta ce:

"Ɗana na ko naki?"

Ban taɓa jin ta ce "ɗana" ba sai ranar.

Na daɗe ina tunanin me ya sa na ɓoye. Abin da na gaya wa kaina a lokacin shi ne, haka al'adarmu take, ba a dire wa mutum mummunan labari tsirara. Gaskiya ne kuma. Ranar da Baba ya rasu, ce mini aka yi jikinsa ya tashi, in zo gida. Na yi awa goma sha a bas ina addu'ar samun sauƙi ga mutumin da aka riga aka binne. Kowa ya san labarin ban da ni, har ɗan unguwarmu da ya zauna kusa da ni yana ba ni dabino. Na ji zafin abin sosai, na rantse ba zan yi wa wani haka ba. Wata shida bai cika ba na yi wa Yayata. Kuma in zan faɗi gaskiya, ba tausayinta kaɗai ba ne. Tsoro nake ji in ga fuskarta in na faɗa. Na zaɓi kalmar da ta fi mini sauƙi, na kira ta tausayi.

Washegari muka koma wajen dokta mu uku. Na roƙe shi ya yi magana jimla-jimla, ya tsaya in mayar. Ya zana zuciya a bayan takarda. Na fara cewa kamar gida ce mai ɗaki huɗu, biyu sama biyu ƙasa, sai Yaya ta katse ni: "Na sha yanka zuciyar rago ga layya. Na san bangon nan na tsakiya, mai kauri." Shi ke nan, ta rage mini rabin aiki. Na kwana ina auna kalmomi, rami ko huji ko ɓula ko taga, ashe mai kayan ta fi ni sanin wurin. Ita ta zaɓi "kafa". Ta ce rami a ƙasa yake, huji kuma wani ne ya yi shi, wannan kuwa ba wanda ya huda, gini ne bai ƙarasa ba.

Ga abin da dokta ya ce, wannan karon duka. Ɗakin hagu na ƙasa shi ke tura jini zuwa jiki, ya fi na dama ƙarfi. Da yake akwai kafa a bango, wani jinin yakan kurɗa dama ya sake komawa huhu, inda ya baro yanzu-yanzu. Huhu ya cika ya yi nauyi, zuciya ta riƙa aikin mutum biyu. Shan nono ga irin wannan yaro kamar gudu ne ga babba, shi ya sa zufa, shi ya sa abin da ya sha ba ya zama jiki. Ba a gani ba a satin farko saboda hanyoyin jinin huhu a tsuke suke lokacin haihuwa, sai sun saki cikin makonni sannan jini ya samu hanyar kwarara. Ƙananan kafofi da yawa kan toshe da kansu. Tasa babba ce, bai kamata a zauna jiran haka ba. Magani ba ya rufe ta, yana rage wa huhu ruwa ne, ya sassauta wa zuciya. Aiki ake yi, a buɗe ƙirji a sa faci. Kuma akwai lokaci: in aka daɗe, hanyoyin jinin huhu sukan yi tauri, su kai inda ko an yi facin ba zai amfana ba.

Wannan ta ƙarshe ita na fi jin tsoro. Na faɗe ta yadda take. Yaya ta gyaɗa kai.

Sai maganar inda za a yi. Ya ce wani lokaci ƙwararru kan zo daga waje su yi aiki na ƴan kwanaki, amma masu jira sun fi gadajen yawa. Akwai cibiyoyin aikin zuciyar yara a Dakar da Bamako. Akwai asibitin Salam a Khartoum, wanda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, ana aiki kyauta, sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 babu mai shawartar uwa ta nufi can da jariri. Akwai kuma ƙungiyoyin da ke kai yara Turai. A tsarin wasunsu yaron kaɗai ke tafiya, wani iyali a can ya riƙe shi har ya warke a dawo da shi, uwa tana gida.

Na mayar da wannan ma. Yaya ta dubi yaron, ta dubi dokta, ta ce: "To wa za ya ba shi nono?" Na juya tambayar zuwa Faransanci ba tare da na ƙara ko na rage ba. Dokta ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce za a fara da cika dosiye.

Da yamma na ji tana yi wa Inna bayani a waya, kuma da ina da iko da na sa an buga bayanin nan an manna a bangon kowane asibiti. "Inna, ba ɓacin rai ba na. Bango na bai gama haɗuwa ba, an bar kahwa. Jini na bi ta nan yana komawa inda ya hito. Liƙe ta za a yi." Inna ta ce: "Awa randa?" Ta ce: "Awa randa."

Daren da ya fi kowane tsawo ya zo bayan nan. Aka ɗauke wuta, na'urar oksijin ta tsaya na ɗan lokaci kafin injin ya tashi. Ban san minti nawa ba ne, a raina dai shekara ce. Leɓensa ya canza, haƙarƙarinsa na shiga yana fita. Malamar da ke gadi ta zo da gudu tana haska waya. A cikin duhun nan na ji Yaya tana kiran sunansa, sunan yanka, sunan Baba, tana maimaitawa a kunnensa. Wuta ta dawo, numfashin ya daidaita a hankali. Da gari ya waye ta koma "yaron nan". Ban taɓa tayar mata da maganar ba.

An sallame su bayan kwana 23 da magani iri biyu, furosemid mai sa fitsari don ruwa ya ragu, da kaftofiril. Ƙwayoyin na manya ne, sai an raba, a daka, a jiƙa, a ja da sirinji marar allura a ɗiga masa a gefen baki. Ordonans ta ce safe da yamma da awoyinta. Na sake rubuta ta da Hausa a kwali, na ɗaure kowane shan magani da sallar da ta fi kusa da lokacinsa, na nuna wa dokta ya amince. Inna ba ta duba agogo, amma kiran salla ba ya wuce ta. An koya wa Yaya ƙirga numfashinsa na minti guda in yana kwance shiru. Ga yaro mai watanninsa, in ya kai 50 ko ya wuce, ba a jira gari ya waye.

Yanzu yana da wata takwas. Nauyinsa na ɗan wata huɗu ne ko biyar, amma yana zama in an tokare shi da filo, yana kuma dariya in Inna ta ce masa Maigida ya kawo kuɗin cefane. An sake kwantar da shi sau ɗaya a Maraɗi farkon damina. Dosiye yana inda aka kai shi. Duk sati biyu nakan je in tambaya, a ce ana jira. Jarabawa biyu na faɗi a wannan zangon, zan sake su. Maganar tafiyarsa shi kaɗai in an kira, Yaya da mijinta ba su gama ta ba. Shi ya ce a sa hannu, ita ta ce ta ji, amma ta fara koya masa shan kunu da cokali, abin da ba wanda ya sa ta.

Kullum bayan asuba takan turo mini saƙon murya ta WhatsApp a wayar mijinta. Ba gaisuwa mai tsawo. Na yau ya ce: "Arba'in da huɗu. Ya sha sau biyu da dare, zuhwa kaɗan. Maganin hitsarin ya kusa ƙarewa. In kin tahi wajen dokta ki tambaye shi ko a ƙara mashi, tunda ya ƙara nauyi. Ki rubuto abin da ya ce."

Randebu ranar Talata ne, ƙarfe takwas. Ina da darasin tsarin sauti a daidai lokacin, na riga na roƙi wata ƴar ajinmu ta ara mini kayenta.